Yadda Muka Ƙera Manifol ɗin Turbo a Zariya Bayan Na Farko Ya Tsage

Na fara jin ƙarar ne wata safiya ta hunturu, ina ɗumama mota a ƙofar gida a Samaru kafin in fita aiki. Ƙara ce siririya, tas-tas-tas, tana bin bugun injin, kuma da motar ta yi zafi sai ta yi shiru kamar ba a taɓa yin ta ba. Kwana uku ina jin ta ina kawar da kai, a rana ta huɗu na buɗe bonet na haska da tocila, sai ga wani baƙin layi na toka a gefen waldar da ta haɗa bututun silinda ta huɗu da jikin manifol, wato haɗin bututun da ke tattara hayaƙin injin. Ƙarfen ya tsage, hayaƙi yana fita ta wurin tsagar idan injin yana da sanyi, idan kuma ya yi zafi ƙarfen ya kumbura sai tsagar ta rufe kanta. Watan manifol ɗin biyu kacal a jikin motar.

Motar Honda Civic ce ƙirar 1998, mai injin D16 na silinda huɗu, cc 1590. Na shekara shida ina hawanta yadda kamfani ya ƙera ta kafin na yanke shawarar sa mata turbo. Ga wanda bai saba da abin ba, turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da injin ke fitarwa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana matsa iska ta cusa wa injin fiye da abin da zai iya shaƙa da kansa, kuma idan iska ta ƙaru aka ƙara mata mai daidai gwargwado, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma har yau aikinta bai sauya ba. Sandar tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Mu da ke Zariya muna da ƙarin dalili na son ta, domin garin yana kan tudu ne na kusan mita 650 daga matakin teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi 7 cikin 100, ga kuma zafin watan Maris da Afrilu da ke ƙara rage mata nauyi. Turbon da na samu Garrett T25 ne ɗan Beljiyam, irin wanda aka sa wa Nissan 200SX da wasu motocin Saab, ƙarami ne mai saurin tashi, kuma ya dace da injin da bai kai lita biyu ba.

Matsalar ita ce injin D16 ba a ƙera shi da turbo ba, saboda haka babu wani manifol na kamfani da zai ɗauki hayaƙi daga ƙofofi huɗu na tof silinda, wato murfin saman injin, ya kai shi bakin turbo. Ko dai mutum ya yi odar na waje ya jira, ko kuma ya ƙera nasa. Na zaɓi ƙerawa, kuma a karon farko na ɗauki abin da sauƙi ƙwarai. A ganina a lokacin, bututu ne kawai da ke kai hayaƙi daga nan zuwa can. Na sayi bututun salansa na yau da kullum, wanda kaurin jikinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, aka shimfiɗa guda ɗaya a kwance, aka soka masa gajerun bututu huɗu, aka yi walda da ilektirod irin wadda ake haɗa ƙofa da taga. Wanda ya yi aikin ya yi abin da na ce masa ne, kuma waldarsa ta kama. Kuskuren yana cikin tunanin da na zo da shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne cewa ƙarfe yana motsi. Hayaƙin injin fetur mai turbo, idan ana matsa masa, yana kaiwa zafin digiri 800 zuwa 900, wanda da daddare za ka ga manifol ya yi ja kamar garwashi. Shi kuwa tof silinda da aka ɗaure manifol a jikinsa ruwa ne ke zagaya cikinsa, zafinsa yana nan kusa da digiri 100. Tsakanin tsakiyar silinda ta ɗaya da ta huɗu a wannan injin akwai kusan santimita 25. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana ƙara tsawo da kimanin kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, ƙarfen sitenles kuma da kimanin kashi 17. Idan ka buga lissafin za ka tarar bututu mai wannan tsawon, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 700, yana neman ya ƙara milimita 2 in baƙin ƙarfe ne, milimita 3 in sitenles ne. Milimita 2 ba ta da yawa a ido, amma bututun yana son ya miƙe, kusoshi kuma sun riƙe ƙafafunsa a jikin ƙarfen da bai motsa ba. Duk lokacin da aka tayar da mota ya ja, duk lokacin da aka kashe ya koma, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Ƙari a kan haka na rataya masa turbo mai nauyin kilo da dama ba tare da wani abin tallafi ba, na kuma bi da shi ta hanyoyin da kowa ya san yanayinsu bayan damina. Tsagewar ta zo a inda ya kamata ta zo, wato a gefen walda mafi nisa daga tsakiya.

A karo na biyu na nemi wani dattijo mai waldar agon a Sabon Gari, wanda yawancin aikinsa gyaran tankunan sitenles ne da kayan masu sarrafa abinci. Na kai masa tsohon manifol ɗin, ya juya shi a hannu, ya leƙa cikinsa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba waldar ce ta ci amanarka ba, ƙarfen ne ba ka ba shi wurin numfashi ba." Na ce, "Baba, to ina son a yi wanda zai daɗe, ko da zai ɗauki lokaci." Ya gindaya mini sharaɗi ɗaya, cewa ba zai taɓa kunna na'ura ba sai an gama awo an kuma kawo kayan da suka dace, kuma a kan haka muka yi mako uku ba a ɗiga walda ko ɗaya ba.

Batun kaya shi ya fi cin lokaci. Manifol na kamfani yawanci ƙarfen zubi ne mai kauri, wanda ke jure zafi shekara da shekaru, amma zubi ba aikin ƙaramin gareji ba ne. Abin da masu wannan sana'a suka dogara da shi a ko'ina shi ne gwiwoyin bututu masu kauri da ake ƙera wa masana'antu, waɗanda ake haɗa layukan tururi da na sinadarai da su. Na samo su a Panteka ta Kaduna, masu inci ɗaya da kwata, kaurin jikinsu kusan milimita 2.8, wato ninki biyu na abin da na yi amfani da shi da farko, kuma kowace tana ɗauke da hatimin 304L. Wannan lamba tana nufin sitenles mai sinadarin kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, harafin L ɗin kuma yana nuna cewa kabon ɗinsa kaɗan ne. Akwai wanda ya fi shi dacewa da wannan aiki, wato 321, wanda aka ƙara wa titaniyam domin kada kuromiyam ya haɗu da kabon a gefen walda idan ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 425 da 870, amma ban same shi a girman da nake so ba, kuma ga injin da ba tsere zai shiga ba 304L mai kauri ya wadatar. Ina jan hankalin duk mai sayen sitenles cewa gwajin maganaɗisu da aka saba yi bai isa ba. Gaskiya ne 304 ba ya kama maganaɗisu sosai, amma 201 mai araha shi ma ba ya kamawa, kuma gwiwar 304 ta gaske tana iya ɗan kamawa a wurin lanƙwasa. Hatimin da ke jikin ƙarfen da amanar mai sayarwa su ne abin dogaro.

Farantan biyu, wanda ke manne da tof silinda da wanda turbo ke zama a kai, mun yi su da baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 12. Wannan zaɓin Baba ne, kuma dalilinsa shi ne baƙin ƙarfe ba ya murɗewa a ƙarƙashin walda kamar sitenles, kumburinsa kuma kaɗan ne. Mun ɗora sabon gasket a kan farantin muka zana ƙofofi da ramukan kusoshi, aka kai wurin masu injin sassaƙa ƙarfe suka huda. Ƙofofin hayaƙin wannan injin ba da'ira ce cikakkiya ba, sun ɗan yi siffar ƙwai, don haka sai da muka matse bakin kowane bututu a bais muka daidaita shi da guduma har ya zauna a kan ƙofarsa ba tare da wani tsini ya tare hanyar hayaƙi ba.

Siffar manifol ɗin kuwa mun daɗe muna muhawara a kai. Injin mai silinda huɗu yana harbawa ne a jere 1-3-4-2, kowace silinda tana tura hayaƙinta a matsayin bugu guda, kuma bugun yana zuwa duk bayan rabin juyi na karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa. Idan injin yana juyi 6,000 a minti, bugu 200 ke nan a kowace daƙiƙa. A manifol mai siffar gungume irin nawa na farko, duk bugun yana faɗawa ne cikin bututu ɗaya, wani ya nufi turbo, wani ya bugi bango ya dawo, wani ma ya tura hayaƙi zuwa ƙofar silindar da bawul ɗinta bai gama rufewa ba. Mafi kyau a ka'ida shi ne bututu huɗu masu tsawo iri ɗaya, su haɗu a mahaɗa guda suna fuskantar bakin turbo, ta yadda kowane bugu zai iso a lokacinsa. Irin wannan yana da kyan gani ƙwarai, yana kuma ba da ƙarfi a saman juyi, sai dai yana cin wuri. A Civic manifol yana gaban injin ne, yana fuskantar lagireto, a gefe kuma ga kwamfiresan AC. Yawancin masu irin wannan aiki a ƙasashen sanyi cire AC suke yi su sami fili. Ni kuwa da ke ɗaukar iyali daga Samaru zuwa Tudun Wada da tsakar rana a watan Afrilu, cire AC ba ya cikin lissafina ko kaɗan. Saboda haka muka tsaya a tsakiya: gajerun bututu huɗu, kowanne da hanyarsa har zuwa mahaɗa, tsawonsu ba daidai ba ne, amma babu wanda ke hura wa ɗan'uwansa a baki, kuma lanƙwasar da ke jikinsu tana ba ƙarfen damar miƙewa da komawa ba tare da ya ja walda ba. Na yarda na rasa wani abu a saman juyi, kuma har yanzu ina ganin cinikin ya yi riba.

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, mun rataya turbon a inda muke son ya zauna, muka riƙe shi da guntayen rodi da aka ɗiga wa walda na wucin gadi. Abin da ya yanke mana matsayinsa shi ne hanyar baƙin mai. Mai yana shiga turbo ta sama da matsin famfo, amma yana fita ta ƙasa ne da nauyinsa kawai, ya gangara zuwa botom filet, wato ma'ajiyar baƙin mai da ke ƙasan injin. Idan bututun fitar ya kwanta ko ya yi hawa, man yana taruwa a ciki ya tsallake zoben da ke tare shi, motar ta soma fitar da shuɗin hayaƙi, mai ita kuma ya ɗauka turbon ne ya mutu. Don haka muka tabbatar mashigar mai da mafitarsa suna tsaye kusan sak, kuma mafitar ta fi matakin man da ke botom filet tsawo. Daga nan muka auna tazara da fankar lagireto, da bututun AC, da bonet idan an rufe, muka kuma tuna cewa injin yana jijjiga gaba da baya a kan kujerunsa idan an taka. Sai da duk wannan ya daidaita muka ciro turbon da farantansa a haɗe, muka kai kan tebur, muka ɗaure a jikin wani mataccen tof silinda na irin injin da na saya a wurin masu gwangwan. Wannan mataccen ƙarfe ya yi mana amfani biyu, ya riƙe farantin kada ya murɗe, ya kuma riƙa shanye zafin walda.

Mahaɗar ita ce ta fi wuya. Bututu huɗu masu zagaye ne za a yanka a karkace, a haɗa su su zama baki ɗaya mai kusurwa huɗu daidai da bakin T25. Mun lalata guntaye da dama kafin mu sami yankan da ya zauna. Dokar Baba ita ce duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, idan ka ɗaga su sama ka ga haske yana ratsawa, ba su shirya ba, a koma kan gireda da fayil. Ya ce cike giɓi da walda yana nufin zuba ƙarin zafi, kuma wurin da aka cike yana jan kansa idan ya huce, ya bar ƙarfen a ɗaure tun kafin a tayar da mota. Kowace gaɓa mun fere bakinta domin walda ta ratsa har ciki, muka goge da burushin da bai taɓa baƙin ƙarfe ba, muka share da asiton. A nan ya gargaɗe ni da abin da ban sani ba, cewa kada a taɓa wanke ƙarfen da za a yi wa walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafi da hasken walda suna mai da shi iska mai guba wadda kaɗan daga cikinta ke lalata huhu.

Sashen da na fi koyon darasi a kansa shi ne cika cikin bututu da iskar agon. A waldar agon, iskar da ke fita daga bakin tocin tana kare narkakken ƙarfe daga iskar duniya, amma ta waje kawai take karewa. Bayan waldar, wato cikin bututun, yana nan a buɗe, kuma sitenles mai zafi idan ya haɗu da iska yana yin wani ɓawo baƙi mai tsatsa-tsatsa kamar ƙonannen sukari. Wannan ɓawo yana raunana waldar, kuma mafi muni, wata rana yana ɓantarewa hayaƙi ya kwashe shi ya buga wa fankar da ke juyawa sau dubu ɗari a minti. Maganinsa shi ne a toshe dukkan bakunan bututun da takardar alminiyam, a shigar da siririn tiyo daga ƙasa, a bar ɗan rami a sama, domin agon ya fi iska nauyi, yana cika wuri daga ƙasa ne yana kore ta zuwa sama. Sai an jira ya cika kafin a kunna wuta, kuma a bar shi yana gudana har waldar ta huce. Wannan ya ninka iskar da muka ƙona, kuma bayan gwiwoyin bututu babu abin da ya ci kuɗi kamar tulun agon. Na yi tunanin a taƙaita a gaɓoɓin da ke nesa da turbo, Baba ya yanka guntu biyu ya yi wa ɗaya walda da cikawa, ɗaya babu, ya miƙo mini in leƙa. Cikin na farko santsi ne kamar cokali, na biyun kuwa kamar bangon tsohon murhu. Ban sake tayar da maganar ba.

Mun yi waldar ne da sassafe cikin kwana huɗu, da janareto, domin wutar gari tana hawa da sauka kuma hakan yana bayyana a jikin walda. Iskar hunturu ma abokiyar gaba ce, tana kwashe agon daga bakin toci, sai da muka kewaye teburin da kwanon rufi ta ɓangarori uku muka bar sama da gefe ɗaya a buɗe saboda hayaƙi. Tsakanin sitenles da sitenles an yi amfani da wayar 308L, inda bututu ya haɗu da farantin baƙin ƙarfe kuwa da 309L, wadda aka tanada domin haɗa ƙarfe biyu mabambanta. Kowace gaɓa hawa biyu aka yi mata, na farko ya ratsa ciki, na biyu ya cike sama, kuma Baba ba ya zagaye bututu a tashi ɗaya. Yakan yi kwata, ya koma wani bututun, ya dawo bayan wancan ya huce. Launi shi ne shaidarsa: idan waldar ta fito ruwan zinariya ko ta ɗan yi shuɗi, zafin ya yi daidai, idan ta yi toka-toka babu sheƙi, an ƙona ta.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai a kwanakin nan, kuma ba zan wuce shi ba. A shagunan walda da yawa a garin nan za ka ga yara masu koyon sana'a suna riƙe wa maigida ƙarfe suna runtse ido, ko suna sanye da baƙin tabarau na kasuwa. Hasken waldar agon yana ƙona ido da fata, hayaƙin sitenles kuma yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da aka tabbatar yana haddasa ciwon daji na huhu. A shagon Baba yaransa biyu kowanne yana da garkuwar fuska tasa, kuma bai yarda in tsaya kusa ba sai da ya ba ni tawa. Kuɗin garkuwa bai kai na gwiwar bututu biyu ba. Mu masu kawo aiki muna da bakin magana a wannan, tunda mu ne muke biya.

Da aka gama muka kwance daga mataccen tof silinda, muka ɗora ƙarfen awo a kan farantin, sai muka tarar duk da kiyayewar da aka yi gefunansa sun ɗan ɗaga, har ana iya zura siririn ƙarfen auna bawul a ƙarƙashi. Wannan ba abin mamaki ba ne, kusan kowane manifol yana yin haka, kuma aka mayar da shi wurin masu injin sassaƙa suka share fuskarsa ta koma daidai. Daga nan muka yi abubuwan da na farko ya rasa. Mun faɗaɗa ramukan kusoshin da ke gefe, muka bar na tsakiya a matse, domin farantin ya sami damar zamewa waje idan ya yi zafi. Mun tsaga farantin da siririn zarto tsakanin ƙofa da ƙofa, ta yadda kowane bututu zai motsa da ƙafarsa. Mun ƙera tallafi daga ƙarƙashin turbo zuwa jikin injin domin ya ɗauke nauyi daga wuyan walda, muka kuma sa gaɓa mai lanƙwasa a bututun da ke sauka zuwa salansa, saboda jijjigar salansa kada ta riƙa finciko turbo. Kafin ɗaurawa muka toshe bakuna, muka hura iska, muka shafa ruwan sabulu a kowace walda. Wuri ɗaya ya yi kumfa a tsakiyar mahaɗa, inda toci ke wahalar shiga, aka gyara.

Abokai sun ba ni shawarar in naɗe manifol ɗin da ƙyallen zafi da ake sayarwa. Na ƙi, domin ƙyallen yana tsare zafi a cikin ƙarfen ya ƙara masa wahala, yana kuma riƙe danshi da damina, ga shi yana ɓoye tsaga har sai ta yi girma. Abin da na yi shi ne garkuwa ta siririn ƙarfe da ke tsaye nesa kaɗan da bututun, tana kare fankar lagireto da bututun AC da wayoyi.

Ya kamata in faɗi cewa manifol, komai kyansa, ba ya rayuwa idan injin yana ƙona mai ba daidai ba. Injin fetur yana gudana ne a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan ana tafiya a hankali, amma idan turbo ya fara matsawa ana bukatar ƙarin mai, kusan kashi 12 ga 1 ko ƙasa kaɗan, domin man da ya yi rara yana sanyaya ɗakin ƙonewa. Idan mai ya yi ƙaranci, ko aka jinkirta wutar fulogi fiye da kima, zafin hayaƙi yana tashi har ya wuce abin da ƙarfe da bawul za su ɗauka. Don haka na sa manyan nozul masu fesa mai, aka sake tsara birenbos, wato kwamfutar injin, na kuma sa ma'aunin iska da mai a gaban sitiyari. Matsin turbon na tsayar da shi a rabin bar, wato kusan psi 7 a ma'aunin matsin iska, da taimakon ƙaramar ƙofar da ke jikinsa wadda makanikai ke kira wesget, mai karkatar da rarar hayaƙi idan matsi ya kai iyaka. Kwanrod ɗin D16, wato sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, sirara ne, kuma fistin da kwanrod na motata na kamfani ne, ban taɓa su ba.

Gwajin farko na yi shi ne bayan sallar asuba a hanyar Funtuwa, gaba da Shika, lokacin da titi babu kowa. Ba a bukatar gudun ganganci domin a gwada turbo, a giya ta uku da juyi 3,000 ya riga ya cika matsinsa, mota kuma ba ta wuce gudun da doka ta yarda ba. Ina faɗin haka ne saboda ba na son a haɗa wannan aiki da wasan mota da samari ke yi a bukukuwa a cikin unguwa, wanda ya sha jefa iyalai cikin makoki. Na yi hawa biyar ina duba ma'auni, na dawo gida na bar injin yana aiki a tsaye na minti biyu kafin in kashe, domin mai ya ci gaba da zagaya sandar turbo har ta huce. Da yamma bayan komai ya yi sanyi na bi kusoshi da sifana, kusan dukkansu suka karɓi ɗan ƙari, na maimaita bayan kwana uku, na sake bayan mako biyu, daga nan suka zauna.

Yanzu manifol ɗin ya ga bazara ɗaya da damina ɗaya, ya je Kano sau da dama, ya je Abuja sau biyu. Makon jiya na cire garkuwar na bi kowace walda da tocila da ƙaramin madubi. Launinsa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, kamar yadda sitenles ke yi idan ya sha wuta, amma babu baƙin layi ko ɗaya. Noti guda na tallafin da ke ƙarƙashin turbo ya saki, na maye gurbinsa da mai kulle kansa. Na ɗauki hoton mahaɗar na kai wa Baba a Sabon Gari, ya duba ya ce in dawo da motar bayan hunturu ya leƙa da idonsa. Kafin lokacin akwai kulocin da zan sauya, domin na kamfani ya fara zamewa a giya ta huɗu idan turbo ya matsa, kuma na riga na yi odar wanda ya fi shi ƙarfi.